DARASI DAGA RAYUWAR IBNUN NAFIS: MALAMI, MUHAWARA DA KULA DA JIKI

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa 'yan'uwa matasa a zaman ƙara wa juna sani da suka saba yi bayan sallar La'asar. Mun kawo shi kamar yadda aka ɗauko shi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



An nemi in yi magana a kan abubuwa uku: zama gaban malami, ladabin muhawara, da kula da lafiya da lokaci. To, maimakon in jero maku nasihohi kamar ana ƙirga goro, na ga gara in ɗauko mutum guda wanda ya haɗa ukun a rayuwarsa, mu dube shi, sannan mu dubi kanmu. Dalili kuwa shi ne, yau matasanmu sun kasu biyu. Wasu sun ɗauka girmama malami shi ne ka kulle ƙwaƙwalwarka ka miƙa masa mabuɗi. Wasu kuma sun ɗauka ilimi shi ne ka iya yi wa na gaba da kai rashin kunya. Dukkansu biyun asara ce ga wannan tafiya tamu.

Mutumin shi ne Ala'uddin Ali bin Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibnun Nafis. An haife shi a yankin Dimashƙa ta ƙasar Sham wajen shekarar 1213 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, wato 687 bayan Hijira. Likita ne, kuma malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'iyya, har ya karantar da fiƙihu a makarantar Masruriyya da ke Alƙahira, ya kuma yi rubutu a kan ilimin hadisi. Ke nan wanda zan ba ku labarinsa bai bar addini don ya kama kimiyya ba, bai kuma bar kimiyya da sunan addini ba.

YA FARA DA DURƘUSO

A Dimashƙa akwai wani babban asibiti da Sarki Nuruddin Zanki ya gina a shekarar 1154. A nan Ibnun Nafis ya koyi aikin likita, a hannun wani babban malami mai suna Muhazzabuddin Ad-Dakhwar, wanda ya rasu a 1230. Ku ji yadda wannan malami yake karantarwa. Idan ya gama duba marasa lafiya ya koma gida, sai ɗalibai su riƙa shigowa rukuni-rukuni. Ɗalibi ya karanta, malam yana riƙe da nasa kofin littafin yana bi, inda aka sami kuskure a gyara nan take. A gefensa kullum akwai ƙamus-ƙamus na Larabci, domin idan kalma ta shige duhu a buɗe a duba. A ƙarshen rayuwarsa harshensa ya yi nauyi, magana ta gagara, amma bai kori ɗalibai ba. Idan sun yi tambaya mai wuya sai ya rubuta masu amsa a allo. Gidansa ma waƙafi ya yi da shi ya zama makarantar koyon likitanci.

Ku lura da abu biyu. Na farko, babban malami ne, amma bai ji kunyar buɗe ƙamus a gaban ɗalibansa ba. Ɗalibin da ya ga malaminsa yana bincike, shi ma zai tashi yana bincike. Na biyu, karatun a gaban mutum ake yi, wanda zai ji ka ya ce tsaya, sake karantawa. Ɗan'uwa, faifan wa'azi ba zai ce maka tsaya ba. Wayarka ba ta san inda ka fahimta a karkace ba. Don haka kowane ɗaya daga cikinku, ko fiƙihu yake karantawa, ko injiniya, ko gyaran babur yake koyo, ya nemi wani da ya riga shi a fagen, ya lizimce shi. Ya je a kan lokaci, ya zo da tambayarsa a rubuce, ya aikata abin da aka sa shi kafin ya dawo. Ko Annabi Musa (AS), da matsayinsa, tattaki ya yi ya je neman ilimi wajen wani bawan Allah, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi, kuma sharaɗin farko da aka gindaya masa shi ne haƙuri.

DA YA ƘWARE SAI YA YI GYARA

Bayan ya koma Alƙahira, wajen shekarar 1242, yana da kimanin shekara 30, Ibnun Nafis ya rubuta sharhi a kan sassan littafin Alƙanun na Ibnu Sina da suka yi bayanin halittar jikin ɗan Adam. Ibnu Sina ya rasu tun 1037, saboda haka ba su haɗu ba, amma malaminsa ne ta hanyar littafi. Shi kuma Ibnu Sina, a wannan fage, ya dogara ne da wani likitan Girka mai suna Jalinus, wanda ya rayu a ƙarni na biyu na Miladiyya.

Abin da Jalinus ya koyar shi ne, zuciya tana da ɓangaren dama da na hagu, da bango a tsakaninsu, kuma jini yana ratsa wannan bango ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Sama da shekara dubu likitoci suna karanta wannan suna wucewa. Sai Ibnun Nafis ya ce a'a. Ya ce bangon nan mai kauri ne, babu wata ƙofa a jikinsa, ta fili ko ta ɓoye. Jini yana fita ne daga ɓangaren dama ta wata jijiya zuwa huhu, ya gauraya da iska a can, sannan ya dawo ta wata jijiyar zuwa ɓangaren hagu. Ya ƙara da cewa dole akwai wasu ƙananan hanyoyi a cikin huhu da suka haɗa jijiyoyin nan biyu. Sai a 1661 wani Ba'italiye, Malpighi, ya gan su da idonsa a huhun kwaɗo, da madubin da ke ƙara girman abu. Haka nan ya gyara wa Ibnu Sina inda ya ce zuciya tana da manyan ɗakuna uku, ya ce biyu ne. Ya kuma ce zuciya tana samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta. Waɗannan jijiyoyin ne idan suka toshe ake samun ciwon zuciyar da ke kashe mutum farat ɗaya.

To, ina ladabin yake? Ladabin shi ne bai yi gyara ba sai da ya ƙoshi da littafin. Ya bi shi mas'ala bayan mas'ala yana yi masa hidima, inda marubucin ya dace ya ƙarfafa shi, inda ya kauce ya faɗi dalili. Bai ce a ƙona Alƙanun ba saboda an sami kuskure a babin zuciya. Wanda bai taɓa sauke littafi ba, da wane baki zai yi masa gyara?

Kuma mu a nan ba baƙon abu ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a kan mas'alar kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai. Ya rubuta ya bayyana cewa fahimtar malamin ta saɓa wa abin da Ahlus Sunna suke a kai, amma bai daina yabonsa da ambaton falalarsa a kansa ba.

Adalcin nan har a kan kanmu ya wajaba. Wannan bayani na Ibnun Nafis ya shiga duhun mantuwa, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin At-Tatawi, ya bayyana shi bayan ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu na birnin Balin da ke Jamus. Sai ka ji ɗan'uwa yana cika baki wai mu muka gano komai. A'a. Abin da Ibnun Nafis ya bayyana shi ne tafiyar jini tsakanin zuciya da huhu. Zagayen jini a dukkan jiki kuwa, William Harvey na Ingila ne ya tabbatar da shi a 1628. A ba kowa haƙƙinsa. Wanda ya ƙara gishiri a kan gaskiya, ranar da aka kama shi har gaskiyar za a ƙi karɓa daga bakinsa.

DAREN MUHAWARA

Wani ɗalibinsa ya ba da labarin daren da Ibnun Nafis ya zauna da Alƙali Jamaluddin Ibnu Wasil, wanda shi ma babban malami ne kuma masanin tarihi. Bayan sallar Isha'i suka shiga muhawara, suna fita daga wannan fanni suna shiga wancan. Alƙali yana ɗaga murya, idanunsa sun yi ja, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Shi kuwa Ibnun Nafis yana zaune a natse, yana kawo hujja a hankali. Haka suka yi har alfijir ya keto. Da aka tashi, sai Alƙalin da kansa ya yi iƙirari cewa su abin da suke da shi mas'aloli ne da ƙa'idoji, amma Ibnun Nafis taskokin ilimi ne da shi.

Duka biyun akwai abin koyi. Ɗaya bai bari zafin abokinsa ya ɗebe shi ba. Ɗayan kuma, duk da zafinsa, bai ji nauyin yabon wanda ya fi shi ba. Yanzu ku kwatanta da namu. A majalisa ko a Facebook, kafin a yi minti biyar an bar mas'ala an koma kan malamin wane da uban wane. An rabu ba a gaisawa, ba wanda ya ƙaru da ko harafi ɗaya.

Saboda haka ku riƙe wannan. Kada ka mai da martani sai ka iya maimaita maganar abokinka yadda zai ce e, haka nake nufi. Ka tambaye shi hujjarsa, kai ma ka kawo taka. Ka soki magana, ka bar mutum da mutuncinsa. Abin da ba ka sani ba ka ce Allahu a'alamu, bari in tambayo. Idan ka ji muryarka ta fara tashi, ka sani hujjarka ce ta fara ƙarewa. An ruwaito cewa Imamu Shafi'i idan zai yi muhawara, fatansa gaskiya ta bayyana, ko a harshensa ko a harshen abokin muhawararsa.

SAI DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA

Kada wani ya ce ai ga hujjar kwana hira. Wancan dare ɗaya ne, kuma a kan ilimi. Mutumin da ya ɗauri niyyar rubuta kundin likitanci mai mujalladi 300, mai suna Ash-Shamil, ya kuma kammala 80 daga ciki, ba a bakin titi ya ƙarar da dararensa ba. An ce idan zai yi rubutu, sai a fere masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango. Wanda ya dakushe ya jefar ya ɗauki wani, don kada fira ta cinye masa lokaci. Kai ɗan'uwa, mene ne bangonka? Ka ware sa'a ɗaya bayan sallar Asuba, ka kashe waya ko ka bar ta a wani ɗaki, ka fuskanci littafi guda. Sa'a ɗaya kullum, a shekara sa'o'i 365 ne.

Wannan ba zai yiwu ba sai da barci. Likitoci sun ce baligi yana bukatar aƙalla sa'o'i bakwai a kowane dare. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu yana latse-latse, ko dai Asuba ta wuce shi, ko ya zo gaban malam yana gyangyaɗi. A kwanta da wuri bayan Isha'i, a ɗan yi ƙailula da rana idan an sami hali.

Sai abinci. Ibnun Nafis ba ya ba da magani matuƙar abinci zai wadatar, har wani mai shagon magani da yake zama wurinsa ya taɓa yi masa ƙorafi cewa in haka zai riƙa yi, to ya koma shagon mahauci. Sunna ta koya mana raba ciki uku, na abinci, na ruwa da na numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum zai ci a yini ya kai giram biyar, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗanɗanon miya, domin yawansa yana jawo hawan jini. Ta kuma ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wato tafiyar sauri ta rabin sa'a, kwana biyar. Zuciyar nan tana bugawa kusan sau dubu ɗari a yini ba hutu. Amana ce, za a tambaye ka.

Na ƙarshe, kuma mafi ciwo, shi ne ƙwaya. Wani ya sha tiramol wai don ya yi aikin ƙarfi, wani ya sha abin hana barci wai don jarrabawa. A 2018 sai da gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda ya cinye matasa. Ku ji yadda Ibnun Nafis ya cika. Yana kwance a ciwon ajali, wasu abokansa likitoci suka ba shi shawara ya kurɓi giya a matsayin magani. Ya ƙi, ya ce ba zai haɗu da Ubangijinsa da ita a cikinsa ba. Ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri na Alƙahira.

To 'yan'uwa, kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya yi abu uku. Ya je ya gaida wanda yake son ya zama malaminsa, ya nemi lokaci. Ya nemi ɗan'uwan da suka ɓata saboda gardama, ya yi masa sallama. Ya kuma yanke wa kansa lokacin kwanciya, ya tsaya a kai.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba mu lafiyar bauta masa, Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya.