Muhawarar 'Yan Takara a Telebijin: Da Wa Ake Magana?



In ana zancen muhawarar masu neman shugabancin ƙasa a telebijin, akan fara ne da Amurka, inda Kennedy da Nixon suka kara a 1960. To amma mu Kanawa ba sai mun je nesa ba, domin kuwa aƙalla sau biyu ɗan Kano yana tsayawa a irin wannan fage.

Na farko shi ne marigayi Alhaji Bashir Tofa na jam'iyyar NRC, wanda ya fuskanci Cif Moshood Abiola na SDP a gidan telebijin na tarayya gab da zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Da aka ƙidaya ƙuri'u, Abiola ne ya cinye Jihar Kano. Wasu kan ce muhawarar ce ta kayar da Tofa a gida. Ni dai ban yarda ba. Magoya bayan Malam Aminu Kano da su Abubakar Rimi suna cikin SDP, kuma su ne suka bi unguwa-unguwa, zaure-zaure.

Na biyu ya fi ba da darasi. A watan Maris na 2011 Malam Ibrahim Shekarau, yana gwamnan Kano, ya zauna muhawara da Janar Muhammadu Buhari da Malam Nuhu Ribadu, Shugaba Jonathan kuwa bai halarta ba. Jaridu da yawa suka ce Shekarau ne gwarzon wannan dare. Ranar zaɓe bai sami ƙuri'a miliyan ɗaya ba a duk Nijeriya, Kano ma Buhari ya ɗauke ta. Wanda ya ƙi zuwa shi ya ci zaɓen.

Me ya kawo haka? Ku duba harshen da aka yi muhawarorin nan. Turanci ne. Maɗinkin Kasuwar Kurmi da marinin Ƙofar Mata da matan aure na Yakasai ba da su aka yi maganar ba, alhali ƙuri'arsu ta fi ta masu kallon yawa. Su rediyo ke kunnensu, kuma tun da aka buɗe Freedom Radio a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita. A can ake siyasar Kano da Hausa, sai dai galibi fili ne da aka saya, inda sojojin baka kan yi yabo da habaici, ba ɗan takara ba, ba kuma mai yi masa tambaya.

Saboda haka abin da nake nema ga gidajen rediyonmu, har da na gwamnati da wasunku ke yi wa aiki, shi ne su zaunar da 'yan takara da kansu, a yi musu tambaya da Hausa kan ruwan sha da taki da makaranta, a maimaita tambayar in an kauce mata. Wanda ya ƙi zuwa kuwa, a faɗa wa jama'a ya ƙi.