Ɓera A Cikin Jirgi

Karatunmu na yau yana cikin littafin Yunusa, sura ta ɗaya.

Dattawanmu sun sani jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a shekarar 1929. A nan aka riƙa loda gyaɗar da iyayenmu suka noma, ta bi ta Gusau da Zariya har Ikko, a can kuma a sa ta a jirgin ruwa zuwa ƙasashen Turai. Ma'aikatan jiragen ruwan nan suna da wani abokin gaba wanda bai cika tafin hannu ba, wato ɓera. Ba ya biyan kuɗin jirgi. Ko dai ya ɓuya cikin buhu, ko ya bi igiyar da aka ɗaure jirgi da ita a tasha, ya haye da dare.

A gida ɓera fitina ce kawai, amma a tsakiyar teku maganar rai ce. Ya ci guzuri, ya ciji wayar lantarki, ya huda tiyon ruwa, ga shi babu kasuwa, babu maƙwabci. Annobar da ta ɓarke a Hong Kong a 1894, ɓerayen jirgi da ƙuman jikinsu ne suka yaɗa ta zuwa tashoshin duniya. Ta kama Bombay a 1896, Ikko ma ta sha fama da irinta a 1924.

Saboda haka masu jirgi suka koyi dabara. Sukan sa faifan ƙarfe a jikin igiya domin ɓera ya rasa hanyar hayewa. Sukan rufe abinci, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idan kuwa ya riga ya shiga, mai hankali yakan ɗana tarko. Wanda ya zuba guba ya ƙara wa kansa wahala, domin ɓeran zai shige cikin lungun da hannu ba ya kaiwa, ya mutu a can, wari ya hana kowa barci. Tarko kuwa yana fito da shi fili, a gan shi, a jefar.

'Yan'uwa, jirgin da Yunusa ya shiga a Yafa ba ɓera ne ya dame shi ba, amma akwai abin da ke ɓoye a cikinsa. Annabin yana gudun umarnin Allah, ya gangara can ƙasan jirgi yana barci. Da hadiri ya taso, matuƙa suka zubar da kayansu cikin teku, duk da haka ba a sami sauƙi ba. Sai da Yunusa ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi, aka fitar da shi, sa'an nan teku ya kwanta.

Gidan kowannenmu jirgi ne, ikilisiya ma haka. Ƙaramar ƙarya tsakanin miji da mata, kuɗin baiko da aka taɓa da niyyar za a mayar, gabar da muke riƙe da ita tun bara, duk sun shigo ta siririyar igiya. Sau da yawa guba muke zuba musu. Mu daina aikatawa a ɓoye, mu yi shiru, mu ce ya wuce. Amma wanda muka cuta yana nan, 'ya'yanmu kuma suna jin warin ko ba su san inda yake fitowa ba. Manzo Yahaya, cikin wasiƙarsa ta fari sura ɗaya aya tara, ya nuna mana cewa gafara da tsarkakewa suna bin bayan furta zunubi.

Kada mu jira hadiri. Yau ɗin nan mu faɗa wa Allah abin da sunansa, mu je wurin wanda muka yi wa laifi mu nemi gafara, mu mayar da abin da muka ɗauka. Bayan haka mu duba igiyar da ya biyo, mu tsare ta.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka haskaka lungunan zuciyarmu, ka ba mu ƙarfin hali mu fito da abin da muka ɓoye, ka kai jirginmu gaci lafiya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.