A Duba Farcen Kafin a Rubuta Magani



Kun san ƙafar da nake magana a kai. Manomin citta ne daga Zonkwa ko Samarun Kataf, ya yi damina guda cikin takalmin roba, cin ruwa ya kama tsakanin yatsunsa, daga nan fangas ya shige ƙarƙashin farcen babban yatsa. Farcen ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa. Kafin ya zo gare mu ma'aikatan lafiya ya riga ya bi ta kemis. Abin da ke damuna shi ne, mu ma da ya iso hannunmu, abin da mai kemis ya ba shi muke sake rubuta masa: man shafawa da griseofulvin.

Man shafawa ba ya ratsa farce. Mai haɗi ukun nan kuwa, wanda ake zuba wa sitiroyid, ƙaiƙayin kawai yake kwantarwa, fangas ɗin ya ci gaba da yaɗuwa. A Indiya irin wannan shafe-shafen ya taimaka wajen bazuwar fangas ɗin Trichophyton indotineae, wanda sau da yawa ba ya jin ƙwayar terbinafine. Shi kuma griseofulvin, a farcen ƙafa sai an sha shi shekara guda ko fiye, kuma mafi yawa ba sa warkewa.

Ga hujjata ta fifita terbinafine, kuma zan daɗe a kanta. A 1999 mujallar BMJ ta buga binciken da ake kira LION, wanda aka yi a Turai kan mutum 496. Aka gwada terbinafine, miligiram 250 kullum, da itraconazole da ake sha mako guda a kowane wata. Bayan mako 72, waɗanda suka sha terbinafine na mako 12, kimanin kashi 76 cikin 100 ba a sami fangas a farcensu ba. Na itraconazole zagaye uku, kashi 38. Da aka tsawaita shan zuwa wata huɗu, terbinafine ya kai kashi 81, itraconazole ya tsaya a 49. Ku lura da mako 72 ɗin nan. Farcen ƙafa ba ya wuce tsawon milimita ɗaya zuwa biyu a wata, don haka sabon farce kan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya cika. Majinyacin da ba a gaya wa haka ba zai gama ƙwayoyinsa, ya dubi ƙafarsa, ya ce maganin jabu ne.

Ana ce mini terbinafine da tsada. Ku lissafa kuɗin griseofulvin na shekara guda da bai yi aiki ba.

Amma kada a rubuta terbinafine da ka. Kusan rabin faratan da suka lalace ba fangas ba ne. Tuntuɓe ne, ko matsin takalmi, ko wata cutar fata. Sannan a Afirka ta Yamma akwai wani fangas mai suna Neoscytalidium, wanda ake ɗauka daga ƙasa, kuma ƙwayoyin nan ba su cika kama shi ba. A kankare farce, a ɗiga sinadarin KOH, a duba a madubin likita. Inda ake duba jinin zazzaɓin cizon sauro za a iya yin wannan.

Don haka ina kira ga hukumar lafiya ta Zangon Kataf da ta Jema'a su koya wa ma'aikatan ɗakin gwaji wannan aiki. A gwada hanta kafin a fara magani, musamman ga mai ciwon hanta ko mai shan burkutu. Mai ciki ta jira sai ta haihu ta yaye. A daina ba da ƙwayar ketoconazole don farce, wadda Turai ta dakatar tun 2013 saboda illarta ga hanta. Mai ciwon sukari kuwa, duk zuwansa asibiti a sa ya cire takalmi a duba ƙafarsa, kuma kada a bar wanzami ya cire masa farce.