'Ya'yan Leburorin Gona da Aikin Lafiya a Karkarar Kalifoniya



Wannan lacca ta shafi wata al'umma ce ta ƙasar Amurka da ake kira Latino, wato mutanen da asalinsu ya fito daga Meziko da sauran ƙasashen kudu masu jin Sifaniyanci. Ƙidayar da aka yi a 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Amma in aka duba likitoci, rabonsu bai wuce kamar kashi 6 cikin ɗari ba. A jihar Kalifoniya kuwa, inda suka kai kusan kashi 40 cikin ɗari, giɓin ya fi haka faɗi.

Inda abin ya fi tsanani shi ne karkara, musamman kwarin San Joaquin, ƙasar inabi da almon da auduga. Yawancin masu aikin waɗannan gonaki 'yan wannan al'umma ne. Suna fama da zafin rana, da maganin kashe ƙwari, da ciwon sukari, da wani zazzaɓi da ƙurar yankin ke kawowa cikin huhu. Likitoci kuwa sun yi ƙaranci. In kuma an samu likitan, sau da yawa ba ya jin harshen majinyaci, har ta kai yaro ƙarami ne ke yi wa mahaifiyarsa tafinta a kan ciwon da kunya ba ta barin ta faɗa a gabansa. Ciwon da ba a bayyana shi sosai ba kuwa, da wuya a dace da maganinsa.

To, daga ina za a samo ma'aikatan da suka san harshen da al'adun? Amsar tana cikin kwalejojin al'umma, makarantun shekara biyu masu sauƙin kuɗi, waɗanda ba su korar wanda ya gama sakandare. Kalifoniya tana da 116, ta farkonsu kuwa an buɗe ta a Fresno a 1910. Ɗan lebura da ba shi da halin barin gida nan yake fara karatu, yana aiki da rana yana shiga aji da dare. A nan ake horar da masu aikin jinya, da masu ɗaukar hoton ƙashi, da masu kula da haƙora. Wanda ke son likitanci kuma daga nan yake wucewa jami'a.

Misali a nan shi ne Dokta Alfredo Quiñones-Hinojosa. Ya shigo Amurka daga Meziko a 1987 yana ɗan shekara 19, ya yi leburancin gona a wannan kwari. Daga baya ya shiga kwalejin al'umma ta Delta da ke Stockton, ya wuce Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, ya gama likitanci a Harvard a 1999, ya zama gwani wajen fiɗar ƙwaƙwalwa.

Sai dai ba kowa ne ke kai wa haka ba, domin cikas yana da yawa. Na farko kuɗi: iyali sun dogara da abin da ɗalibi ke samowa. Na biyu rashin jagora: galibi shi ne na farko a gidansu da ya shiga kwaleji, babu wanda zai gaya masa darussan da ake bukata, sai ya ɓata shekara a kan abin da jami'a ba za ta lissafa masa ba. Na uku, wanda bai taɓa ganin likita irinsa ba, da ƙyar zuciyarsa ke raya masa cewa zai iya.

Hukumomi sun ɗauki matakai. Tun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa ƙungiyar hidimar lafiya ta ƙasa, wadda ke biyan kuɗin karatu ko bashinsa ga wanda ya yarda ya yi aiki inda babu likita. A 2004 Jami'ar Kalifoniya ta Irvine ta buɗe shiri na musamman don horar da likitocin wannan al'umma, a 2011 kuma aka kafa irinsa domin kwarin San Joaquin. Dokar jiha ta 2010 ta shimfiɗa hanyar wucewa daga kwalejin al'umma zuwa jami'o'in jiha.

Duk da haka, doka ba ta isa ɗalibi sai wani ya kai masa labarinta. Saboda haka nauyin yana kan malamai da jami'an ba da shawara: su tsara wa ɗalibi darussansa tun shekarar farko, su kai shi asibitin ƙauye ya ga aikin da idonsa, su kuma zauna da iyayensa cikin harshensu. Wanda ya tashi a wuri ya fi kowa yiwuwar komawa can ya zauna, majinyatan karkara kuwa likitan da zai zauna suke bukata.