Karayar Ƙugu Ba Ta Mai Ɗori Ba Ce



Mu 'yan kwamitin lafiya aka ba magana yau, kuma a kan ƙashin ƙugu za mu yi ta. Akasarinmu a titi muke neman abinci: direbobi, masu dako a kasuwar Dei-Dei, da 'yan acaɓa, waɗanda tun 2006 aka hana su tsakiyar gari suka koma Zuba da Nyanya da Gwagwalada, cikin manyan motoci.

Ba mu raina masu ɗori ba. Waye cikinmu ba a taɓa ɗora wa wani nasa hannu ko ƙwauri ba? To amma ƙugu daban yake. Zobe ne na ƙashi, mafitsara da manyan jijiyoyin jini na cikinsa. In ya karye gaba da baya sai ya buɗe, jini ya yi ta zuba a ciki, lita biyu ko fiye, alhali ko ɗigo babu a riga. Ina za a ɗaura kara a nan? Ja da murza kuwa ƙara ɓalle jinin suke yi.

In abin ya faru, a samu zane a naɗe shi tam daidai mahaɗar cinya da ƙugu, ba a cibiya ba, a haɗa ƙafafun. Kar a ce "tashi mu gani", kar a ɗora shi a babur. A kira 'yan Road Safety a 122. Asibitin Ƙasa na da cibiyar masu haɗari tun 2014, ga kuma Asibitin Koyarwa na Gwagwalada.

Mun san abin da ke korar mutanenmu daga asibiti: "ai farke shi za su yi." Da haka ne, ko a yi babbar yanka, ko mutum ya yi makonni kwance an rataya masa nauyi a ƙafa. Yanzu akwai tiyatar da ake yi ta 'yar kafa, faɗin yatsa. Likita na kallon ƙashin a na'urar hoto, ya daidaita shi, ya zura siririyar waya, ya bi ta da dogon noti ya ɗaure ƙashin ƙugu da na gindin baya. Jini kaɗan ake asara, sau da yawa cikin 'yan kwanaki mutum ya tashi zaune, ko da yake takawa sai bayan makonni. Ba kowace karaya take karɓa ba, kuma sai gwani, don jijiyoyin ƙafa na nan kusa. A tambayi likitan ƙashi ko za ta yiwu.

Sai dai fa tana da lokaci. In aka yi mako uku a gidan mai ɗori, ƙashi ya fara kamawa a karkace, 'yar kafar nan ba za ta wadatar ba, sai babbar yankar da aka guda.

Wani abin da kan jinkirta aiki shi ne jini. Takarda tana hannun sakatare, duk mai iya bayarwa ya sa sunansa da unguwarsu kafin mu tashi.