Barcin da Baba ya yi a bakin Komadugu

An ce in yi magana a kan wadatar zuci. Gaskiya da farko na ja baya, don na san yadda ake amfani da kalmar nan wajen rufe wa talaka baki: ka yi haƙuri, ka gode da abin da kake da shi. Ni ba wannan ya kawo ni ba. Labarin gidanmu zan ba ku, kowa ya auna da nasa.

Ni ɗan Bosso ne. Wanda bai san garin ba, yana can ƙarshen gabas, kusa da inda Komadugu ke shiga tafkin Cadi. In ka tsallaka ruwa kana Malam Fatori, Najeriya ke nan. Mahaifina manomin tattasai ne, wanda mutanen Diffa ke yi wa kirari da jan zinare. Ba mai kuɗi ba ne. Injin ban ruwa ɗaya gare shi, shi ma kullum sai an lallashe shi kafin ya tashi. Amma in an shanya tattasai gona ta yi ja wur, 'yan kasuwa na zuwa da naira suna ciniki, za ka ga mutum ya cika rigarsa.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kawo hari Bosso da Diffa. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin kifi da tattasai don kada kuɗin su kai hannun mahara. Hujjar muna ganinta, amma tukunyar gidanmu ba ta san hujja ba. Sai ranar Juma'a 3 ga Yuni 2016, ana dab da azumi, aka sake faɗa wa garin. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan mutum 50,000 suka gudu. Muna cikinsu. A ƙafa muka kai Toumour, daga can muka wuce Kidjandi.

To, ga inda nake so ku saurara da kyau. A Kidjandi, bayan wahalar makonnin farko, an fara rabon abinci. Akwai watan da abin da muka samu ya fi wanda muke ci a gida lokacin rani. Amma Baba ya daina barci. Sai in farka cikin dare in gan shi zaune bakin rumfa da takalminsa a ƙafa. Ranar rabo ni yake ba katin, ya ce je ka tsaya, ni ba zan iya ba. A lokacin na ɗauka girman kai ne, har na yi masa gunaguni a zuci. Allah ya yafe mini.

Ni kuwa na samu hanya na shigo Diffa, na ƙarasa karatu, na samu ɗan aiki da wata ƙungiyar agaji. Albashi na shigowa, na sayi wayar da na daɗe ina mafarki. Kun san me ya biyo baya? Sai in kwana ina kallon hotunan abokai, wannan a Yamai, wancan ya tafi haƙar zinare Djado, wani yana Libiya jingine da motar da ni da ku mun san ba tasa ba ce. In ajiye waya raina a ɓace. Ga abinci, ga katifa, ga fanka, amma ni ma barcin ya ƙi. Ashe ciwo ɗaya muke yi da Baba, ban gane ba.

Da aka sassauta dokar tattasai a ƙarshen 2017, wani tsohon abokin cinikinsa ya ara masa ɗan fili kusa da Diffa, a bakin ruwa. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gonarsa ta Bosso ba. Taki ya yi wuya, man inji ya yi tsada, riba kuwa kar ma a yi maganarta. Na ce, “Baba, me zai sa ka wahala? Ai ina iya ciyar da gidan.” Ya dube ni ya ce, “Ciyarwa daban, yaro. Ni so nake in wayi gari akwai abin da ke jirana.”

Maganar nan na daɗe ina juya ta. Kuɗi suna da amfani, kada wani mai ƙoshi ya ruɗe ku. Wanda ya kwana da yunwa a hanyar Toumour ba zai raina su ba. Sai dai abin da aka ƙwace wa Baba ya wuce kuɗi. An raba shi da aikin da ya iya, da mutanen da suka san shi da sunansa ba da lambar kati ba, da damar ya ba maƙwabci kwano ɗaya daga guminsa. Shi ya sa da aka fara mayar da mutanen Baroua garinsu a Yunin 2021, ban yi mamakin masu hawa mota suna murna ba, alhali sun san gidajen a rushe suke, tsaron ma bai gama zama ba.

Ni dai tun lokacin, ran Asabar nakan je in taya shi jan tiyo da tsinkar tattasai. Ban iya sosai ba, har yanzu dariya yake yi mini. Wata rana bayan azahar na neme shi ban gani ba, gabana ya faɗi, kun san yadda bakin ruwan nan yake. Na zagaya bayan buhuna, sai ga shi kwance ƙarƙashin bedi yana minshari, takalman suna gefe.