JAWABI GA JAMA'AR MADARUMFA A KAN RANAR 3 GA AGUSTA

Sarakuna da malamai, dattawa, iyayenmu mata, samari da 'yan mata, manoma da masuntan bakin tafki, muna yi muku barka da zagayowar wannan rana.

Ran 3 ga Agusta 1960 ƙasarmu Nijar ta karɓi mulkin kanta daga hannun Faransa, Diori Hamani ya zama shugaba na fari. Amma kada wani ya ruɗe ku da cewa kyauta aka yi mana. A 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni, ta karkashe jama'a ba adadi, Sarauniya Mangu kuwa ta tsaya ta yaƙe su a Lugu. Faransa da Ingila suka zauna can Turai suka ja layi tsakanin Maraɗi da Katsina, har ga shi yau sai mun tsaya a Ɗan Isa kafin mu je gaida dangi a Jibiya. Kakanninmu sun biya lanho, sun sayar da gyaɗa yadda kamfanonin Nasara suka ga dama, sun yi aikin tilas ba ko anini, sai a 1946 aka soke shi.

Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Digol ya kawo ƙuri'a: ko a zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko a fita. Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba suka ce A'a. Aka turo Gwamna Kolombani ya matsa wa jama'a, masu I suka rinjaya. Gine kaɗai ta fita a lokacin. Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya, a 1959 aka haramta Sawaba.

'Yan'uwa, a nan akwai abin lura. A 1964, bayan Nasara ya sauka, a Jiratawa nan kusa da mu aka cusa mutane ɗaki guda bisa zargin bin Sawaba, har waɗansu suka mutu don rashin iska. Ashe sabuwar tuta ba ta hana zalunci in talaka ya yi shiru. Mulkin kai da ba ya tsare ran talaka da haƙƙinsa, suna ne kawai.

Bayan babban fari da yunwar da suka gabata, gwamnatin Seyni Kunce ta haɗa wannan rana da dashen itatuwa a 1975. Dabara ce mai kyau, domin ƙasar da hamada ta cinye ba wanda zai mulke ta. To, mu tambayi kanmu: cikin itatuwan da aka dasa bara, nawa ke raye? Wa ke sarar dajin Baban Rafi? Wa zai hana yashi cike tafkin Madarumfa, inda masuntanmu ke samun abin kai wa gida?

A Disamba 2023 sojan Faransa na ƙarshe suka bar Nijar. A 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa. Wanda za mu ɗora wa laifi yana ta raguwa, nauyi ya dawo wuyanmu.

Saboda haka muna roƙonku abu uku. Na ɗaya, kowane gida ya dasa itace, ya kange shi daga awaki, ya ba shi ruwa har rani ya wuce, kuma a bar gawo ya tashi cikin gona. Na biyu, a sa yara lakwal, maza da mata, a bar su su gama. Na uku, duk wanda ya biya haraji ya tambayi inda kuɗin ya shiga, cikin ladabi, ba tsoro.

Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, sai mu taru mu ƙidaya.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin. Wassalam.